Daga Kwalkwalin Kanajeji Zuwa Hular Kwano: Tarihin Kare Kai a Fagen Fama da Fagen Wasa

Akwai wasu maganganu da ake yawan ji a bakin matasanmu, a gida da nan Birtaniya, duk sa'ad da aka ɗauko zancen hular kwano. Wani ya ce tsirfar Turawa ce, wani ya ce ragwanta ce, wani kuma ya rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Waɗannan maganganu sun biyo mu har Longsight da Rusholme da Small Heath, inda da yawa daga cikinmu keke ne abin hawansu zuwa jami'a, wasu kuma da shi suke neman na cefane ta hanyar kai wa mutane abinci gida-gida bayan an tashi daga lacca. Tun da yake hujjar farko ta tarihi ce, ya dace a auna ta da mudun tarihi. Abin da mai karatu zai tarar shi ne, Kano ta san hular ƙarfe shekaru fiye da 600 da suka wuce. Su kuwa Turawa, sai da suka binne mutane da dama kafin suka yarda su sa ta a wasanninsu, kuma wani babban kaso na wannan labari a biranen nan biyu da muke zaune ya faru, wato Manchesta da Bamingham.

Kwalkwali a ƙasar Hausa

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, ya kawo labarin Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410. Littafin ya nuna shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe, ya kuma faɗi dalili. Kanawa sun kai wa mutanen Umbatu yaƙi, aka yi musu ɓarna mai yawa, sai Sarki ya ga ba dabara ba ce a ci gaba da tura barade da ƙirji buɗe da kai tsirara. Wannan dalili abin lura ne, domin za mu sake cin karo da shi sau da yawa a wannan tarihi: asarar rayuka ce take fara zuwa, hula ta biyo baya.

Yaya kwalkwalin yake? Galibinsu ana yin su ne da tsummoki da auduga a dunƙule su da kauri su zauna a kai, sannan a kifa musu kwanon ƙarfe ko na tagulla daga sama, wani lokaci a haɗa da zoben sulke da ke saukowa ya rufe wuya. A ƙarshe a soka gashin jimina don ado. Lifidi kuwa riga ce ta mutum da doki da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke, ta yadda kibiya mai dafi za ta maƙale a ciki ba ta taɓa fata ba. Wanda duk ya fasa hular kwano ta zamani ya duba cikinta, zai ga tsari iri ɗaya ne: ɓawo mai tauri a waje da zai hana abu mai tsini shiga ya kuma watsa ƙarfin duka, da abu mai laushi a ciki da zai shanye girgizar. Maƙeranmu da madunkanmu sun gano wannan tun ba a san sunan roba ba.

Matafiyan Turawa na farko sun ga waɗannan kaya da idonsu. A 1823 Dixon Denham da Hugh Clapperton sun tarar da barade sanye da sulke a kusa da Kukawa ta Borno, suka yi mamaki. A 1826 kuma Clapperton yana cikin sansanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello lokacin da aka kewaye birnin Konya na Gobirawa, ya kuma bayyana 'yan lifida da hulunansu masu gashi. Kayan suna da nauyi ƙwarai, har akan taimaka wa barde ya hau doki, in kuma ya faɗi tashi sai da mataimaki. Duk da haka ba wanda ya taɓa kiran ɗan lifida matsoraci. Su ne ake sa wa a gaba su tunkari 'yan baka, su ne kuma ke kewaye da sarki. A idon kakanninmu kwalkwali alamar barde ce.

Ga masu cewa sa hula rashin tawakkali ne, tarihin Musulunci ma yana da abin faɗa. Malaman sira sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa sulke biyu a ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, kuma kwalkwalin da ke kansa ya fashe har zobbansa suka shige masa kunci. A ranar buɗe Makka ma da kwalkwali a kansa ya shiga garin. Babu mai tawakkalin da zai ce ya fi wannan.

Ƙarshen zamanin kwalkwali a fagen fama ya zo ne a 1903. Kano ta faɗa hannun Turawa a watan Fabrairu, Sakkwato a ranar 15 ga Maris, sannan aka yi gumurzun Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. Lifidi da aka yi don kibiya da mashi ba shi da abin da zai yi wa bindiga mai ruwan harsashi. Daga nan kayan suka koma na ado. Ana ganinsu a hawan sallah, an gan su a hawan daba da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da wanda aka yi a bikin FESTAC a 1977, kuma a Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa. Sai dai a wannan sauyi mun yi asarar wani abu. Mun riƙe gashin jiminar, mun manta abin da ya sa aka yi kwanon. Shi ya sa za ka ga matashi yana sukuwa a kan kwalta ranar hawan angwanci ko kilisa, ba komai a kansa sai zanna bukar, wani lokaci ma yaro ne da bai kai shekara 12 ba.

A wuri ɗaya ne mahayin Bahaushe ya ci gaba da sa hular kariya, wato filin ƙwallon doki, folo. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944 kuma ya ziyarci Ingila a 1921, shi ya kafa wasan a Katsina ya sa 'ya'yansa da 'yan uwansa a ciki. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai matsayin gwaninta na 7, wanda har yau ake ba da labarinsa a filayen Kaduna da Legas. Waɗannan mutane da rawani aka san su, amma in za su shiga fili hular folo suke sawa, domin sun san abin da sanda da ƙwallo da kofaton doki ke iya yi wa ƙoƙon kai. Sarauta ba ta ragu da komai ba saboda haka.

Yadda Turawa suka iso wurin

Yankin Bamingham na daga cikin wuraren da aka reni keke da babur. A Coventry, maƙwabciyarta, John Kemp Starley ya fito da keken Rover a 1885, mai ƙafafu biyu kusan daidai da sarƙa a baya, wanda shi ne kakan keken da muke hawa. Masana'antar BSA kuwa a Small Heath take, kuma akwai lokacin da babu mai ƙera babura da yawa kamarta a duniya. Injin ya riga hula zuwa da shekaru masu yawa. Mahayan farko da hular ƙyalle ko ta fata suke tsere.

A 1914 wani likita mai suna Eric Gardner, wanda ke aiki a filin tsere na Brooklands, ya gaji da ganin fasassun kawuna, sai ya sa aka yi masa hula da zane mai kauri da aka daskarar da wani irin ƙaro. Da farko hukumar tseren babura ta yi watsi da ita, daga baya ta dawo ta wajabta ta a gasar tsibirin Man ta wannan shekara, inda likitan ya tafi da huluna 94. Mahaya sun yi ta gunaguni, amma hular ta zauna a fagen tsere. Mu da ke Longsight muna da shaida a ƙofar gida. Ƙungiyar Belle Vue tana tseren babura tun 1928, kuma sabon filinta da aka buɗe a 2016 yana kan titin Kirkmanshulme Lane, 'yar tafiya kaɗan daga kasuwar Longsight. Baburan wannan wasa ba su da birki ko kaɗan. Hula ta shiga jinin wasan har ta kai da launinta ake gane mahayi: ja, shuɗi, fari da rawaya.

A kan titi kuwa abin ya ɗauki lokaci. A ranar 13 ga Mayu 1935 T. E. Lawrence, sojan nan da ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa, ya kauce wa wasu yara biyu masu keke a kan hanyar ƙauye a Dorset, babur ɗinsa ya watsar da shi. Ba hula a kansa. Ya yi kwana shida bai farfaɗo ba, ya mutu. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, ɗan Ostareliya mai aikin tiyatar ƙwaƙwalwa. Abin ya tsaya masa a rai, kuma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ya lura da yawan sojoji masu kai saƙo a babur da ke mutuwa tun ba su ga abokin gaba ba. Ya buga bincikensa a mujallar likitocin Birtaniya a 1941, kuma kafin shekarar ta ƙare rundunar soja ta wajabta hula ga mahayanta. Farar hula fa? Sai ranar 1 ga Yuni 1973 doka ta hau kansu, shekara 32 bayan binciken, shekara 21 bayan mutuwar shi Cairns ɗin.

Ko a lokacin ma ba a karɓe ta hannu biyu ba. An kafa ƙungiyar mahaya don yaƙar dokar, kuma wani tsohon malamin makaranta mai suna Fred Hill ya yi ta shiga kurkuku yana fita saboda ya ƙi sa hula ya kuma ƙi biyan tara, har ya mutu a gidan yarin Pentonville a 1984 yana da shekara 74. Taurin kai a wannan batu ba na Bahaushe kaɗai ba ne.

Rawani da hula a Manchesta

Akwai wani reshe na wannan rigima da ya kamata kowane baƙo a ƙasar nan ya sani. Mabiya addinin Sikh ba sa cire rawaninsu, kuma hular kwano ba ta hawa kan rawani. A Manchesta akwai wani malaminsu, Gyani Sundar Singh Sagar, wanda tun 1959 ya fara gwagwarmaya da hukumar motocin safa ta birnin kan a bar Sikhawa su yi aiki da rawani, har aka yarda a 1966. Da dokar 1973 ta fito sai ya riƙa hawa ɗan ƙaramin babur da rawaninsa da gangan, ana cin sa tara yana ƙin biya, har aka kai shi kurkukun Strangeways na ɗan lokaci. Hujjar Sikhawa ita ce, da rawani suka yi wa Birtaniya yaƙin duniya biyu. Ɗan majalisa Sydney Bidwell na Southall ya kai ƙudurinsu majalisa, kuma a 1976 aka yi dokar da ta keɓe su.

Darasi biyu ke nan. Na farko, waɗannan mutane ba su yi wa doka wayo a ɓoye ba. Sun fito fili, sun ɗauki hukunci, sun bi majalisa har aka canza ta. Na biyu, keɓewar ta Sikhawa masu rawani ce kawai. Ɗan uwa da ya sayi ɗan babur don aikin kai abinci ya sani cewa hular zanna ko rawanin zuwa masallacin Juma'a ba za su fid da shi a hannun 'yan sanda ba.

Kurket da keke

Wasan kurket, wanda maƙwabtanmu 'yan Pakistan da Bangaladash ke yi a Crowcroft Park da bazara, ana yin sa ne da ƙwallo mai tauri, nauyinta kusan giram 160, kuma gwanaye kan jefo ta da gudun fiye da kilomita 140 a awa. An yi kusan shekara 100 ana buga wasannin ƙasa da ƙasa da hular ƙyalle. A 1975 a Auckland, ƙwallon da Peter Lever na Lancashire ya jefa ta sami Ewen Chatfield na New Zealand a gefen kai, zuciyarsa ta tsaya, sai da mai kula da lafiyar 'yan wasan Ingila ya hura masa numfashi ya dawo. A Yulin 1976, a nan filin Old Trafford, Brian Close mai shekara 45 ya tsaya da kai tsirara gaban Michael Holding da Andy Roberts na West Indies, ƙwallo tana shan iska a gefen kunnensa, ya fito jikinsa duk ya yi tabo. Jama'a suka yi ta yabon jarumtarsa.

Wanda ya karya wannan al'ada mutumin Bamingham ne. Dennis Amiss, haifaffen Harborne, ɗan wasan Warwickshire da ke Edgbaston, ya je wurin wani kamfanin hular babur a garinsu aka yi masa wata farar hula, ya tafi da ita gasar da Kerry Packer ya shirya a Ostareliya a 1977. 'Yan kallo suka yi masa ihu, suna tambayarsa ina ya ajiye babur ɗinsa. A 1978 Graham Yallop na Ostareliya ya sa hula a babban wasa a Bridgetown, shi ma ya sha ihu. Cikin 'yan shekaru kaɗan, wanda ba shi da hula shi ya koma abin kallo. Abin dariyar jiya ya zama ka'ida, har hukumar kurket ta Ingila ta wajabta ta ga ƙwararrun 'yan wasa daga 2016. Wannan mataki ya biyo bayan mutuwar Phillip Hughes a Sydney a Nuwamba 2014, yana da shekara 25. Shi yana sanye da hula, amma ƙwallon ta same shi a wuya, ƙasa da inda ta rufe. Daga nan aka ƙara wa hular abin kare ƙeya, wato aka koma ga dabarar zoben sulken da ke sauka daga kwalkwalin 'yan lifida.

Tseren keke ma haka ya bi. Hular zamani mai soso mai tauri a ciki ta fito ne a Amurka a 1975 daga kamfanin Bell. A 1991 hukumar tseren keke ta duniya ta yi yunƙurin wajabta ta, ƙwararrun mahaya suka yi bore a gasar Paris zuwa Nice, hukumar ta janye. A Yulin 1995 Fabio Casartelli, ɗan Italiya da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1992, ya faɗi a gangaren dutse a gasar zagaye Faransa, kansa ya bugu, ya mutu yana da shekara 24. Duk da haka ba a yi dokar ba. Sai a Maris 2003, da Andrey Kivilev na Kazakistan ya faɗi ya mutu a wannan gasa ta Paris zuwa Nice da aka yi boren a cikinta, sannan aka wajabta hula a watan Mayu na shekarar. Shekara 12 tsakanin boren da dokar. Yau duk wanda ya je filin tseren keke na Manchesta, wanda aka buɗe a 1994 kuma aka yi gasar ƙasashen Kwamanwel ta 2002 a cikinsa, ba za a bar shi ya hau da kai tsirara ba, komai gwanintarsa.

Masu kallon ƙwallon ƙafa ma sun ga nasu. Petr Cech, mai tsaron gidan Chelsea, ƙoƙon kansa ya fashe a wasansu da Reading a Oktoba 2006, ya ƙarasa sauran shekarun wasansa da hular kariya. Raul Jimenez na Wolves ya sami irin wannan rauni a Nuwamba 2020. Victor Osimhen namu kuwa, ƙashin fuskarsa ne ya karye a wasan Napoli da Inter a Nuwamba 2021, abin da ya jawo takunkumin fuskar da aka san shi da shi.

Ƙwarya a kan ɗan acaɓa

A gida, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta fara tilasta hular kwano ga masu babur da fasinjojinsu daga 1 ga Janairu 2009. Abin da ya biyo baya ya zagaya duniya a kafafen labarai. A Kano da wasu garuruwa 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya da tukunya da robar fenti a kai suka ɗaure da igiya, wasu suka sa hular leburorin gini. Duniya ta yi dariya, amma dalilan ba na dariya ba ne. Kuɗin hula ya yi tashin gwauron zabo da zarar an sanar da dokar. Ga zafin rana. Fasinjoji suna ƙyamar sa hular da mutum ɗari suka sa, don tsoron ƙwarƙwata da cutar fata. Sannan ga jita-jitar da ta bazu cewa ana yi wa hulunan asiri don a sace mutum. An kawo doka ba a tanadi hula mai araha ba, ba a kuma shawo kan jama'a ba, sai dokar ta mutu a tsaye. A Kano abin da ya kawo ƙarshen acaɓa wani abu ne daban, wato hana ɗaukar fasinja a babur da gwamnati ta yi a Janairu 2013 saboda tsaro, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero.

Abin takaici a nan shi ne, a garin Kanajeji aka kifa ƙwarya. Maƙerin da ya yi kwalkwali ya san cewa kwano ba tare da abin da zai shanye duka a ciki ba aikin banza ne. Jikokinsa sun sa abu a kai don idon jami'i, kwalta kuwa ba ta san jami'i ba.

Abin da hula ke yi da wanda ba ta yi

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. In kai ya daki ƙasa ya tsaya nan take, ita ba ta tsaya ba, sai ta daki ƙashin daga ciki. Aikin soson da ke cikin hula shi ne ya murƙushe, ya tsawaita lokacin tsayawar da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, wanda ya isa ya rage ƙarfin dukan ƙwarai. Saboda haka ne hular da ta taɓa shan babban duka ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba, kuma saboda haka ne sayen ta hannu a kasuwar gwanjo yake da haɗari. Wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba kuwa, tana riga mai ita isa ƙasa.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane da aka sabunta a 2008 ya nuna hular babur tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kimanin kashi 69. Wani nazarin da aka buga a 2017, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama kan masu keke, ya sami ragin kusan rabi a raunin kai, da kusan kashi biyu cikin uku a munanan raunuka.

Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Hular keke mai lambar ingancin EN 1078 ana gwada ta ne da faɗuwar da ta yi daidai da gudun kusan kilomita 20 a awa. An yi ta don wanda ya zame a kan ƙanƙarar hunturu ko layin tarago, ko wanda aka buɗe wa ƙofar mota ba zato. Ba ta da abin da za ta yi wa tayar babbar mota. Chris Boardman, wanda ya ci zinare a tseren keke a 1992 kuma aka naɗa shi kwamishinan keke da tafiyar ƙasa na yankin Manchesta a 2017, ya daɗe yana adawa da tilasta hula, yana mai cewa raba hanyar keke da ta mota shi ya fi ceton rai. Yana kafa hujja da ƙasar Holan, inda masu sa hula kaɗan ne amma hawan keke ya fi aminci. Maganarsa tana da nauyi, musamman ganin mahaifiyarsa mota ce ta kashe ta tana kan keke a 2016. A dambe irin na Turawa ma, hukumar masu son wasan ta cire wa manyan maza hular kai a 2013, bisa hujjar cewa ba ta rage girgizar ƙwaƙwalwa yadda aka zata. Kowace hula da irin dukan da aka yi ta dominsa.

Wannan ne ya sa dokar ƙasar nan ta bambanta. Mai babur dole ne. Yaro ɗan ƙasa da shekara 14 da zai hau doki a kan titi dole ne, bisa dokar 1990. Mai keke kuwa shawara ce kawai ake ba shi a littafin ka'idojin hanya, ba wanda zai kama shi. An bar masa zaɓi.

To, 'yan uwa, a nan zaɓin yake hannunmu. Gyaran hanya aikin hukuma ne, kuma an yi wani abu a kan Oxford Road da Wilmslow Road, amma Stockport Road da Coventry Road ba Holan ba ne, kuma mai kai abinci da ƙarfe goma na dare cikin ruwan sama ba zai jira a gama gyara ba. Kowannenmu ya san abin da aka sayar ko aka ranta a gida kafin a biya masa kuɗin makaranta. Duk wannan dukiya a wuri ɗaya ake zuba ta, cikin ƙoƙon kai, kuma ƙafa in ta karye tana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa ba ta da maɗori. Kuɗin hula mai inganci bai kai abin da muke kashewa a kan waya a wata biyu ba. Zai yi kyau ƙungiyarmu ta sa wannan batu cikin jawabin da ake yi wa sababbin zuwa kowace Satumba, tare da zancen fitila da riga mai ƙyalli. Waɗanda kuma za su koma gida da digirin likita ko injiniya ko tsara birane, su tafi da darasin 2009: kafin a kafa doka a samar da hula mai araha da ta dace da zafinmu, a kuma tuna wa jama'a cewa sunanta na asali kwalkwali, kayan barade. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga mayaƙan Kanajeji zuwa Kivilev, gemu da yawa sun ƙone kafin mu. Allah ya kiyaye mu, ya mai da mu gida lafiya da abin da muka zo nema.